Kada Ka Yar da Safar Hannu a Gaban Gaétan

A layinmu na Val-Cyprien, daga ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka har ranar da ta narke, babu mai yar da safar hannu a ƙasa. In za ka cire, ka cire a hankali ka tura aljihu. Yara sun sani, masu kwasar shara sun sani, limamin cocinmu ma ya sani. Saboda ƙanena Gaétan aka kafa wannan doka. Ni ce Ginette Painchaud, yayarsa, ni na riƙe shi a gidana bayan an gama tatse shi an watsar, kuma ni zan ba da labarinsa tunda waɗanda suka ci abinci da shi yanzu sun ce ba su san shi ba.

Gaétan ya taso ƙato, amma zuciyarsa ta ɗan tsako ce. Yaron da in aka kama ɓera a tarko sai ya ƙi cin abinci. Babanmu yana aiki a kamfanin takarda, kuma kamar kowane uba a garin, da sanyi ya kama zai ja tiyo bayan gida ya yi ta kwarara ruwa har ya daskare ya zama filin hoki, wasan da ake kora ɗan faifai da sanda a kan ƙanƙara zuwa raga. A nan aka ɗaura wa Gaétan takalmin ƙarfe na sulɓi a kan ƙanƙara tun bai iya ɗaure igiyar wandonsa ba. Ya so wasan, wallahi ya so shi. Wasan ne bai so shi ba. Kafin ya juya jikin nan nasa, yaran da ba su kai kafaɗarsa ba sun ƙwace faifan sun jefa a raga sun dawo.

Ranar da komai ya canza, wani yaro ya maka wa abokinsa sanda a fuska, Gaétan ya ture shi sau ɗaya, yaron ya tafi yana sulɓi har bango. Baba na tsaye a gefe da kofin shayinsa. A mota, muna dawowa, ya ce:

"Kai da jefa faifai a raga sai dai a mafarki. Amma Allah ya ba ka hannu kamar shebur. Ko ka yi aiki da shi a kan ƙanƙara, ko ka zo ka yi aiki da shi a kamfani kusa da ni."

"Baba, ni ba na son dukan mutane."

"Wa ya tambaye ka abin da kake so?"

Da a zamanin kakanninmu ne, lokacin da ƙungiyoyin babbar gasa ba su cika yatsun hannu biyu ba, ko mai ɗaukar jaka ba za a ɗauki Gaétan ba. Da ya shiga kamfani, ya yi aure, ya tsufa da haƙoransa da hankalinsa. Sai masu gasar suka gano cewa duk sabuwar ƙungiyar da suka yarda ta shigo, sai ta ajiye musu kuɗi masu nauyi a bakin ƙofa. Suka wangale ƙofar. Ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, har mu ma muka samu tamu, 'Yan Gatari. To ina za a samo ƙwararrun da za su cika rigunan nan duka? Babu su. Kowace ƙungiya ta samu gwani ɗaya ko biyu, sai ta nemo ƙaton da zai tsare mata su kada a karya su. Aikin da aka ba ƙanena ke nan.

Faɗan yana da ƙa'ida, kada wani ya ce muku hauka ne zalla. Ƙato ba ya taɓa ƙarami. Ƙato biyu za su haɗu, ɗaya ya ce wa ɗaya, "Za mu?" In an yarda, sai kowa ya karkaɗe hannu, safar nan mai kauri ta faɗi kan ƙanƙara. Da ta taɓa ƙasa magana ta ƙare. Alƙalai su ja baya, 'yan wasa su ja baya, ka cafki rigar mutum da hagu ka yi ta ba shi da dama har ɗayanku ya faɗi. Wanda aka yar wa safa ya tsaya yana tunani, a asibiti zai ƙarasa tunanin. Wannan suka dasa wa Gaétan a jiki har ya zama hannunsa na riga kansa tashi.

Ni a lokacin ina sayar da soyayyen dankali da romo a tsohon filin wasanmu. Daga bayan kanta nake jin ihun, "Guduma! Guduma!" Sunan da suka sa masa ke nan. In na ji ihun nan sai in juya baya in yi ta goge tukunyar da ba ta da datti. Amma gaskiya ɗaya ce, a gida ba kullum yake faɗa ba. Mutanenmu sun san wasa. Sun fi son su ga an yi kyakkyawar miƙa faifai, faɗan kuma sai in an tsokano shi.

Sai mai ƙungiyar ya ce filin ya tsufa. Yana son sabo, mai ɗakunan gilashi a sama inda attajirai za su zauna su ci su sha, kuma gari ne zai gina masa. Garin da kamfanin takarda ke sallamar ma'aikata! Muka yi zanga-zanga, tsofaffi suka fito da kwalaye a cikin sanyi, yara suka fasa asusunsu. Shi kuwa tuni ya gama ciniki. Aka sayar da 'Yan Gatari ga wani gari a hamadar Amurka, Mesa Dorada, inda ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofi. Aka canza musu suna zuwa Ƙadangaru. Ƙadangaru fa! Aka loda sanduna da riguna da Gaétan aka yi kudu da su.

A can ne aka kashe min ƙane. Mutanen ba su san wasan ba, sai da aka sa mai lasifika yana yi musu bayanin dalilin hura usur. Abu ɗaya suke ganewa ba sai an fassara ba, shi ne jini. Kujeru ba sa cika sai an yi talla da fuskar Gaétan. Faɗan da a gida sai dalili, a can ya zama kamar kwanon abinci, kowane wasa sai an kawo. Yana kirana a waya muryarsa a shaƙe.

"Yaya, jiya ban san yadda na dawo gida ba. Na farka na ga mota a waje."

"Ka gaya wa likitansu?"

"Ya shaƙa min wani abu, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Na ce biyu."

"Biyun ne?"

"Kullum biyu yake ɗagawa, Yaya."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da kuɗin talabijin suka ƙara yawa, manyan kamfanoni suka shigo da talla, sai aka fara jin kunyar irinsu Gaétan. Likitoci sun fara magana a kan ƙwaƙwalwa, lauyoyi sun fara shinshina. Rana ɗaya masu gasar suka wanke fuska suka ce su wasan iyali suke sayarwa. Aka kira shi ofis aka yi masa godiya. Matarsa ta jure abin da za ta iya, ranar da ya fasa ƙofar banɗaki don ya manta yadda ake buɗe ta, ta kwashe kayanta, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Ya dawo min da jaka ɗaya, babu haƙoran gaba, yana tambayata ko Baba ya dawo daga aiki. Baba kuwa ya daɗe a ƙasa.

Mun zauna lafiya, ni da shi. Yana share min dusar ƙanƙara a ƙofa, ya share ta maƙwabta, ya dawo ya sake share tawa don ya manta ya yi. Yana son miyar wake da naman alade, zai ci kwano uku ya ce min yau ba a ba shi komai ba. Tsohon filin wasan an mayar da shi kantin kujeru da katifa. In muka wuce sai ya tsaya ya ce, "Yau da wa muke?" In ce masa yau hutu ne.

Sai ranar Rosaire. Rosaire mai kawo wasiƙu ne, siriri, ya kusa ritaya. Ya zo da wani ƙunshi, yana laluben biro a aljihu, safar ta hana shi, sai ya karkaɗe hannu ya yar da su a kan matakala. Gaétan na tsaye a ƙofa. Kafin in ajiye butar da ke hannuna, hancin Rosaire ya koma gefe guda. Gaétan ya kalli jinin a kan farar ƙanƙara, ya kalli hannunsa, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaron goye.

Rosaire, Allah ya saka masa, ya ƙi kai ƙara. Yana toshe hanci da tawul ɗina yake cewa, "Haba Ginette, shekara nawa ina sayen tikiti don in kalli naushin nan daga nesa? Yau an kawo min shi har gida kyauta."

Amma asibiti sun sanar da hukuma, hukuma ta turo Madam Létourneau, mai kula da irin waɗannan marasa lafiya. Mace ce mai kirki, ba ta da kwana-kwana. Ta zauna a kicin ɗina ta ce, "Madam Painchaud, zan faɗa miki sau ɗaya. In ya sake taɓa wani, ko da wasa, ya fita daga hannunki ya fita daga nawa. Bene na huɗu za a kai shi." Kowa a garin ya san bene na huɗu na asibitin. Ƙofarsa ba ta buɗuwa daga ciki, kuma ban san wanda ya shiga ya dawo ba.

Na bi gida gida na roƙi mutane. Daga nan dokar layinmu ta samo asali. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, Gaétan bai taɓa ko ƙuda ba.

Rannan waya ta yi ƙara. Wani mai zaƙin murya, wai Colby Renner, daga sashen talla na Ƙadangaru. Ƙungiyar za ta yi bikin cika shekaru a Mesa Dorada, za a tara tsofaffin 'yan wasa a karrama su, kuma ba biki in babu Guduma. Jirgi nasu, otal nasu. Da ɗan Turancin da nake da shi na ce masa su riƙe karramawarsu, na kife wayar. Ashe Gaétan na bayana.

Mutumin da ba ya tuna abin da ya ci da safe, wannan ya riƙe. Ya ciro kwat ɗin aurensa ya saka. Kullum da safe zan same shi a bakin ƙofa da jakarsa a cinya.

"Yaya, sun tuna da ni."

"Sun tuna da aljihunsu dai. Cire kwat ɗin nan ka zo ka karya."

"Ke ba ki taɓa son in yi wani abu ba. Ke da Baba duk ɗaya ne."

Wannan maganar ta ci min rai, har yau tana ci. Na kai wa Madam Létourneau zancen, ina so ta hana, in samu wanda zan ɗora wa. Sai ta yi dariya ta ce, "A hamada? Wa zai sa safar hannu a can? Ai ya fi nan aminci." Rosaire ma haka ya ce, maƙwabta ma haka. Mu mutanen sanyi, a wurinmu safa kayan hunturu ce, inda rana ke ƙona kwalta ba abin tsoro. Abin da ya rage shi ne 'yan wasan da ke filin, su kuma na san yadda zan yi da su.

Na kira su na ce za mu zo. Muna sauka na ja Colby gefe. Matashi ne mai fararen haƙora, yana kirana "Miss Ginette" yana dafa min kafaɗa kamar tare muka taso. Na ce masa sharaɗina ɗaya ne: a fito da Gaétan a mayar da shi kafin 'yan wasa su shigo, kuma kada kowa ya yar da safa a gabansa. Na ba shi labarin Rosaire daga farko har ƙarshe, don ya san ba wasa nake ba.

"Da gaske?" in ji shi. "Ko waye ya yar?"

"Ko uwar da ta haife shi ce."

"Kai! Har yanzu?"

"Har yanzu. Ba shi da lafiya, ka gane? In ya taɓa wani, kulle shi za a yi."

"Kada ki damu, Miss Ginette. Yana hannunmu."

Na gaya masa ne don ya tsare min ƙane. Shi abin sayarwa ya ji. Allah ya isa tsakanina da yaron nan.

Ranar Lahadi ce da rana. Filin ya ninka namu girma, sanyi a ciki, wuta a waje. A sama ga ɗakunan gilashin nan da aka sayar da mu saboda su, mutane a ciki sun ba filin baya suna cin jatan lande. Kujerun ƙasa kusan rabi babu kowa. Na ce zan tsaya kusa da Gaétan, aka ce iyalai a sama suke zama, wata yarinya mai waya a kunne ta raka ni can ƙololuwa.

Aka shimfiɗa jan kafet a kan ƙanƙara. Aka fara kiran tsofaffin gwanaye, waɗanda Gaétan ya ba da haƙoransa don su ci raga, aka tafa musu sama-sama. Sai aka rage fitilu, aka saki ganguna, babban allo ya fara nuna faɗace-faɗacensa ɗaya bayan ɗaya, kowane naushi da ƙararsa. Mutanen ɗakunan gilashi suka juyo. "Guduma! Guduma!" Ya fito cikin kwat ɗin aurensa, yana takawa a hankali, yana murmushi da bakin nan nasa. Ban ga fuskarsa haka ba tun muna yara. Na ce a raina, to, ko don wannan, tafiyar ta biya.

Sai ga dodon ƙungiyar ya shigo a kan takalmin ƙarfe. Wani koren ƙadangare ne na soso da mutum ke shiga ciki, da ƙaton kai da jela, irin wanda ke rawa yana ba yara dariya. Na ga hannunsa, na miƙe tsaye. An sa masa safar 'yan wasa. Ya zagaya Gaétan, ya daki ƙirji, ya nuna shi da yatsa, jama'a na ta shewa. Na fara sauka a guje ina ihu, ina ture mutane, wa zai ji ni? Dodon ya tsaya a gabansa ya karkaɗe hannu biyu.

Safar ta taɓa ƙasa.

Hagu ta cafki wuyan rigar, dama ta fara aiki. Naushin farko ya juya kan soson, wanda ke ciki ya daina gani. Filin ya ɗauka shiri ne, ihu kamar rufin zai faɗo. Tsofaffin 'yan wasan da ke kan kafet suka ja baya, don haka jikinsu ya saba. Sai da kan ƙadangaren ya fita ya gangara, aka ga gashi ya zubo. Mace ce. Wata 'yar ƙaramar mata, fuskarta ba ta ganuwa don jini. Masu gadi suka rufa masa, shi kuwa ya zame hannu ɗaya ya ɗaga wa jama'a yana murmushi. Allon ya maimaita abin a hankali kafin wani ya tuna ya kashe. Ko'ina ka duba wayoyi ne a sama.

Sunanta Maribel, 'ya'yanta biyu, da safe tana aiki a wurin wanki da guga. Na je asibitin, mijinta ya tare ni a baranda. An ɗaure mata muƙamuƙi da waya, kunne ɗaya ya daina ji. Ya ce an gaya mata tsohon ya san shirin, zai ɗan ture ta ne ta faɗi a yi dariya. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Colby kuwa, da na kama shi a bakin ofishinsu, ya buɗe hannu ya ce, "Miss Ginette, wa zai taɓa zaton haka?"

"Ni na gaya maka! Da bakina!"

"Ban tuna mun yi wannan maganar ba."

Kafin rana ta faɗi ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa ba ta yarda da tashin hankali ba, kuma ba ta san yanayin lafiyar baƙon nata ba. Aka sauke hotonsa daga bango. Bidiyon ya zaga duniya, kuma an ce min wasan da ya biyo baya ko tsayuwa babu wuri a filin. Hukumar can ta ga ba a iya gurfanar da mutumin da bai san ranar da ake ciki ba, suka haɗa mu da ɗan rakiya suka sa mu a jirgi. A hanya Gaétan sai murna yake. "Kin ji su, Yaya? Kin ji yadda suke kira?"

Madam Létourneau na jiranmu a filin jirgi da maza biyu. Idonta ya yi ja. Ban roƙe ta ba. Ko gida ba a bari ya taka ba.

Sai bayan kwanaki aka bar ni na hau bene na huɗu. Ma'aikaciyar ta ce ba ya zama a ɗakinsa, ba ya zuwa wurin talabijin, abinci ma sai a kai masa inda yake. Na same shi a kan wani benci a jikin ƙofar fita, ta gilashi, ya rataya tawul a wuya, ya dafa gwiwoyi da hannu, ya sunkuya gaba. Su ba su gane zaman ba, ni na gane. A wasan, wanda ya yi faɗa alƙali kan kai shi wani ɗan akurkin gilashi a gefen fili, ya zauna minti biyar, sannan a buɗe masa ya koma.

Na zauna kusa da shi. Bai kalle ni ba.

"Yaya, kina hango agogo daga nan? Saura nawa?"

"Saura kaɗan."

"Shi ya fara yarwa. Kin gani ai. Ban karya ƙa'ida ba."

"Na gani, Gaétan. Ba ka karya ba."

Na kawo masa miyar wake a kula, ya ce in ajiye, ba a ci a nan. Muka zauna har lokacin ziyara ya ƙare. Wani ma'aikaci ya zo da makulli, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Gaétan ya miƙe zumbur, ya yar da tawul, ya sa kai zai fita. Mutumin ya sa masa hannu a ƙirji.

"Ba kai ba, Monsieur Painchaud. Yayarka ce za ta fita."

Ya dube shi, ya dube ni. Bai yi musu ba, bai taɓa musu da alƙali ba. Ya sunkuya ya ɗauki tawul ɗin ya mayar wuya, ya koma kan bencin, ya ci gaba da kallon ƙofar.